Dajin da Tsutsa Ta Ƙi

"Ke, tsuntsayen bana yajin aiki suke yi ne?" in ji mahaifinta makaho, yana zaune bakin ƙofa da kofin shayi, ya karkata kunne wajen daji. "Ƙanƙara ta narke tuni, amma shiru kamar maƙabarta."

Ita 'yar tasa ce ta sauya wannan daji nasu na arewacin ƙasar Suwidin. Shekara da shekaru tsutsa na cinye itatuwan fain, dogayen nan masu ganye kamar allura, sai ta zaɓo irin da siraran ganyensa ke cike da ƙaro mai ɗaci, ta dasa. Tsutsa ta ɗanɗana ta ƙi, wadda yunwa ta tilasta wa ci kuma ta mutu. Har walima ƙauye ya yi mata.

"Hau ki duba min akwatin sheƙar da na kafa wa tsuntsaye a jikin itacen can," in ji mahaifin.

Ta jingina tsani, ta hau, ta ɗaga murfi. 'Ya'yan tsuntsu sun bushe cikin sheƙa, kowanne baki buɗe, yana jiran tsutsar da uwarsa ba ta samo ba.

"Suna nan?"

"Suna nan, Baba."

"To me ya hana su kuka?"

Ta mayar da murfin a hankali.

"Sun ƙoshi ne," ta ce.