Ƙwal-ƙwal ɗin Taraktata

"Ɗanjuma, ka rufa min asiri, gobe ciyaman zai duba aikina!"

Bakaniken ya leƙo daga ƙarƙashin 'yar taraktata, hannu duk giris. "Malam Inuwa, kuros ɗin farfela ne ya cinye, wato mahaɗin sandar da ke juya taya. Shi ke wannan ƙwal-ƙwal da ake jiyowa tun daga Tarauni. In ya ɓalle, taya ba za ta juya ba."

Sojoji sun koma bariki, sabon ciyaman ɗin ƙaramar hukuma na farar hula ya ce duk mai kwasar sharar da tirelarsa ba ta cika ba, ya ajiye aiki. Ni kuwa abin da na mallaka daga taraktar nan sai furfura. Na karaɗe Gyadi-Gyadi har silifas ɗina ya tsinke kafin na samo sabon kuros. Ɗanjuma ya buge tsohon da guduma, ya ɗaura sabon. Farfela ta yi tsit.

Washegari na bi layi-layi ina ɗaga kai kamar ni ne ciyaman. Ba gidan da ya fito da shara. Ciyaman ya dubi tirela wayam, ya dube ni, ya ce, "Gobe ce ta ƙarshe."

A gida na tarar da bokitin shararmu maƙil. Na ce da matata, "Hafsatu, har da ke?"

"Au, ka wuce? Mu daga cikin gida ƙwal-ƙwal muke jira. Ƙarar yau duk mun ɗauka injin markaɗe ne."

Ga ni nan tsugune a bolar bayan garejin Ɗanjuma, ina neman tsohon kuros.