Gawar Baba a Filin Makaranta

Shekarar fari, ba a mako a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta sai an kai wani makabarta. Wata la'asar aka yi wasan kwaikwayo a filin makaranta, Baba ya fito a manomin da yunwa ta kashe. Ni ban san wasa ba ne. Na ga an lulluɓe shi da farin zane, ƙafafunsa masu faso a waje, ba motsi. Na kutsa ina ihu, na damƙe ƙafarsa.

Daga ƙarƙashin zanen ya yi raɗa: "Kai, cika ni, jama'a na kallo."

Yanzu shirya fim ne sana'ata. In jarumi ya kwanta a matsayin gawa, sai na ga ƙirjinsa na ɗagawa nake iya cewa a ɗauka.