Gidan Haya Mai Ɗaki Goma

Na'Allah ya dangwala yatsa a takardar jingina ran wata Laraba, cikin bazarar 1993. Gidan gadonsa ya jinginar, na bakin kasuwa, inda aka binne cibiyarsa. Alhaji Maigandi mai sayen hatsi ya ƙirgo masa kuɗin yana murmushi, ya jefa takardar gidan cikin akwatin ƙarfe. Sharaɗin ɗaya ne: biya duk wata, in aka tsallake uku, gida ya tafi.

Da kuɗin ya sayi gidan haya mai ɗaki goma, can gangaren rafi. Dillali ya ce mai shi yana Kaduna, kuma kowane ɗaki da mutum a ciki.

To, gidan matan aure ne, an rubuta "ba shiga" da gawayi a zaure. Na'Allah mutum ne mai kunya, ko leƙe bai yi ba. Matarsa Barakatu ya tura. Ta dawo ta ce ɗakuna duk da labule, mata da yara cike. "Amma malam, tukunya ɗaya na gani a murhu." Ya ce 'yan haya masu haɗin kai, wa zai ƙi? Ko sunan magidanci ɗaya bai tambaya ba, bawan Allah.

Kwana tara da ciniki ya tarar da gida wayam. Har igiyar shanya an kwance.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko rafi ya shigo tsakar gida har gwiwa, katangar baya ta zube. Duk wanda ya zo neman ɗaki, ya ga shatin ruwa a bango, sai ya ce zai dawo. Dillali ya ɓace. Na'Allah ya sayar da kekensa da awakin Barakatu, ya biya wata ɗaya. Tsoro ya hana shi cin abinci. Maigandi kuwa bai taɓa aiko masa ba; in sun haɗu, lafiyar iyali kawai yake tambaya. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Ran da wa'adi ya cika, Na'Allah da Barakatu suna fitar da kaya daga gidan gadon da hantsi, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, maƙare da mata da yara. Maigandi ya sauko daga gaba ya ce, "Ku shiga, kowacce ta zaɓi ɗakinta."

Barakatu ta bi fuskokinsu da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Ta sauke ƙullin da ke kanta.

"Malam," ta ce a hankali, "iyalin Alhaji ai su ne 'yan hayarka."