Kujera Ɗaya a Gasar Murhu

Malama Furera ta iso zauren taron da ke garin Laurel, kusa da Washington, tun ana jera kujeru. Motar da ta kawo ta ta zagaya bayan ginin ta tsaya a inuwa, ita kuwa ta wuce layin gaba ta zauna. Wadda ta kwashe shekara talatin tana koyar da lissafi a Zariya ba ta zaman baya.

Gasar Murhu ce ta tara jama'ar, shirin girke-girke na 'yan Afirka mazauna Washington da kewaye. Kowane mako a yi girki, alƙalai su ɗanɗana, sannan 'yan takara su jefa ƙuri'a su kori ɗaya daga cikinsu. Da tashar ta soke shirin, masu kallo suka ce ba su san zancen ba, suka yi karo-karo ta intanet har aka tada shi. Tukuicin da Ladan mai shirya gasar ya ba su shi ne kujera ɗaya: su zaɓi tsohon ɗan takarar da zai dawo.

A cikin tsofaffin 'yan takarar, yawancin masu kallo Raymond suke so. Wai ya iya taku. A zauren WhatsApp na masoya shirin har kirari ake masa. A wurin Malama kuwa sunan abin da ya yi cin amana, ko an yi masa ado.

Ga yadda aka yi. Dokar gasar ta ce wanda girkinsa ya zo na ɗaya ba a korarsa a makon. A wani mako, wainar wata yarinya da miyar taushe ce ta zo ta ɗaya. Raymond ya lallaɓa ta da daɗin baki har ta ba abokiyarsa Sharifa kariyar, bisa alkawarin zai tsaya mata. Da aka zo ƙuri'a, shi ya fara nuna ta. Babu kuma inda dokar ta ce ana kyautar da kariya kamar goro.

Abin da ya ɗaure wa 'yan zauren WhatsApp ɗin kai shi ne, babu mai caccakar yarinyar kamar Malama. Sakarai ce, kowa ya yi mata murmushi ta yarda da shi, ga hannunta da nauyi wajen gishiri. Edna, wata nas 'yar Jos, ta taɓa tambayar ta, “Mama, in haka kika tsane ta, me ya sa kike so a dawo da ita?”

“Ba don halinta ba,” in ji Malama. “Don doka.”

Ladan ya buɗe taro da bayyana ƙa'ida. Duk mai gabatar da ɗan takara ya tsaya gaban kyamara ya faɗi sunansa, domin da wannan za a buɗe sabon shirin. Wani injiniya mai suna Dachung ya miƙe ya kira Raymond. Tafi ya ɓarke.

Sai Malama ta tashi. Ta cire tabarau ta ajiye a kujera, ta warware zancen daki-daki kamar tana gaban allo: ga doka, ga abin da aka yi, ga inda suka saɓa. Ta ce dabara daban, zamba daban, kuma wanda ya tafa wa zamba yau, gobe a kansa za ta faɗo. Masu tafin ɗazu suka fara gyaɗa kai. Har Dachung ya shiga sosa ƙeya.

“Mun ji, Mama,” in ji Ladan. “Saura sunan.”

“Ai kun san ta. Mai wainar nan.”

“Masu waina uku muka yi, Mama.”

“Bahaguwar.”

“Haba Mama, ke ce fa mai doka. Doka ta ce suna.”

Dariya ta zagaye zauren. Malama ta buɗe baki, ta rufe. Bakin da ya saba kiran sunayen 'ya'yan mutane kowace safiya ba tare da tuntuɓe ba, yau ya ƙi. Ta dubi kyamara, ta dubi ƙasa, ta ja mayafinta gaba. Wani daga baya ya ce tsufa ne, ta manta. Dachung ya farfaɗo, ya ce tunda ba a kira kowa ba, kujerar Raymond ce, a tashi a ci abinci. Ladan ya ɗaga hannu zai rufe magana.

“Umaima!” Edna ce ta miƙe, tausayin tsohuwar ya kama ta. “Ni na gabatar da ita. Umaima Sa'idu.”

Aka ɗaga hannuwa. Umaima ta ci da ƙyar. Malama, wadda ta tada duk wannan ƙura, nata hannun bai bar cinyarta ba. Ta ɗauki jaka ta fice, ko shinkafar ba ta tsaya ci ba.

Edna ta bi ta da tabaran da ta bari, ta cim mata a bayan ginin.

“Mama, da gaske mantawa kika yi?”

Malama ta karɓi tabarau, ta buɗe ƙofar motar, ta ce da mai tuƙin, “An bi doka. Sai ki rage gishiri wannan karon.” Edna ta sunkuya ta leƙa, sai ga Umaima riƙe da sitiyari tana ƙunshe dariya. Malama ta gyara zama, ta dubi Edna ta saman tabarau.

“Ke ma dai, 'yar nan. Ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan 'yarta ta fari?”