Tsohuwar Na'urar Ɗumi

"Dawo aiki, Solveig," in ji Farfesa Torleif ta waya. "Tunda kika tafi, ƙwayoyin halittar da muka tono daga ƙasa sun daina fitar da maganin. Za a ce ƙarya na wallafa!"

Shekara ashirin Solveig tana renon su a ɗakin gwaje-gwajen Farfesan da ke birnin Trondheim. Rana ɗaya aka sallame ta, aka jefar da na'urar ɗumin da take renon su a ciki, wai ita da na'urar duk sun tsufa.

"A zafi nawa kuke renon su?" in ji Solveig.

"Digiri talatin, yadda littafi ya ce."

"Abin da ya tashi a ƙasar Norway, ina ya san talatin? Tsohuwar na'urar maƙaryaciya ce. Talatin take nunawa, cikinta kuwa sanyi."

"Sanyi nawa?"

"Na tsufa, Torleif. Na manta."