Kaskon Gwaggo

Tun daga bakin lif ta jiyo ƙamshin turaren wuta, a bayansa kuma ƙaurin roba. Ta saki keken zannuwan gado, ta zura da gudu.

Ta daɗe tana gyaran ɗakuna a wannan otal na Hyattsville, ta haddace dokarsu: duk abin lantarkin da wayarsa ke tsirara, na ma'aikaci ne ko na baƙo, a zare shi nan take. To amma baƙuwar ɗakin da ƙaurin ke fitowa gwaggonta ce, ta zo biki daga Maraɗi da kaskon turarenta mai lantarki. Kan wayar ya ƙi shiga soket ɗin Amurka, sai tsohuwa ta datse shi, ta cusa wayoyin, ta tokare da tsinken ashana.

Tun da safe ta ga wannan haɗin wayar.

"Gwaggo, an hana wannan fa."

"Ke tafi can! Tun ba a haife ki ba muke yi."

Don kunya ta ƙyale ta. Har jaririnta ta bar mata reno.

Yanzu da isowarta ta banka ƙofa. Soket ya narke, labule ya fara ci, Gwaggo da jariri suna ta barci. Sai da ta juye tukunyar kashe gobara kaf, sannan ta suri ɗanta.

"Innalillahi! Ƙararrawar hayaƙi ba ta yi ƙara ba?"

Gwaggo ta murtsuke ido. "Wancan abin? Ihu yake ta yi, zai tayar miki da yaro. Sai da na hau kujera."

Uwar yaron ta ɗaga kai. An lulluɓe ƙararrawar da leda, an ɗaure tamau da ɗankwalin anko.