Ragar Gabas

Fenaretin baƙi ya daki ƙarfe, fili ya kaure da sowa, amma tsohon mai kula da ciyawa ko motsi bai yi ba. Tun da gwamnati ta taso daga Legas zuwa sabon babban birni aka tashi ƙauyensu, aka shimfiɗa filin nan a gurbinsa. Bana kuwa, daga lig zuwa kofi har gasar Afirka, babu baƙon da ya ci ƙwallo a ragar gabas.

Da aka tashi wasa, kocin masu gida ya ja tsohon gefe yana dariya. "Baba, wane asiri ka binne a ragar can?"

Tsohon ya daɗe yana kallon inda ciyawar ta fi kore.

"Ba asiri ba ne, oga. Mahaifiyata ce. Ko da ranta, baƙo ba ya shiga ɗakinta."